Darasi na Sha Huɗu: Sanda, Baka da Kare Kai a Zamaninmu

Ranar hawan Sallah a Dutse, idan dawakin hakimai suka fara wucewa, za ku ga takobi rataye a kafaɗa, mashi a hannu, ga 'yan baka da kwari a baya, ga 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki makaɗa na zuga su. Mata da yara suna kallo suna shewa, ba wanda gabansa ya faɗi. Amma a ranar kasuwa, a Miga ko Jahun ko Kiyawa, idan iska ta ɗaga rigar wani saurayi aka hango wuƙa a ƙugunsa, sai ka ga mutane suna ja da baya, ko da ya rantse cewa don kare kai ya ɗauko ta, ya ƙara da cewa ai riƙe makami gadon kakanni ne. Ƙarfen ɗaya ne, mai yiwuwa ma a maƙera ɗaya aka buga su. To me ya raba su? A tsarin magabata ba a miƙa wa mutum makami tsurarsa. Ana haɗa shi da horo na shekaru, da ubangida mai tsawatawa, da ƙa'idar lokacin zarewa da lokacin mayarwa kube. Wannan horon shi ne rabon da zai amfane mu wajen kare kai a yau. Ƙarfe kuwa, in aka raba shi da horonsa, ya fi saurin kai mai shi gidan yari ko makabarta a kan ya kai shi gida lafiya. A kan wannan magana darasinmu zai kafa hujja.

Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali cikin rundunar Kano. Daga nan yaƙi ya ƙara zama sana'a mai rassa. Akwai barade masu doki da takobi da mashi, akwai 'yan lifidi da ke fasa sahun abokan gaba, akwai dakaru a ƙasa da garkuwar fata, akwai 'yan baka masu shafa wa kibiya dafin kwankwani. Ƙasar Dutse, wadda a ƙarni na 19 take ƙarƙashin Kano, ta san wannan sana'a sarai, domin a lokacin tana tsakanin wuta biyu: Haɗejiya ta zamanin Sarki Buhari daga arewa maso gabas, da mahara daga duwatsun Ningi ta kudu. Abin lura shi ne, kayan yaƙi masu tsada, irin su doki da sulke da lifidi, yawanci a hannun sarki da hakimansa suke. Su ke bai wa barorinsu, su kuma ke da ikon karɓewa. Haka abin yake a wajen maharba. Yaro yakan fara da ɗaukar jaka da goran ruwa a bayan maigidansa, ya koyi karanta sawu, ya koyi bin iska don kada nama ya ji ƙanshinsa, ya koyi yin shiru na tsawon lokaci ko sauro na cizonsa, kafin a yarda ya ɗana kibiya mai dafi a tsirkiya. In ya yi ganganci, akwai sarkin baka da zai hukunta shi. A yaƙin Tafkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, jama'ar Shehu Usman ɗan Fodiyo dawakinsu kaɗan ne, rundunar Sarkin Gobir Yunfa kuwa ta fi su doki da sulke nesa ba kusa ba. Maharban jama'a suka tsaya a sahu suka ƙi watsewa, aka kuwa kori Gobirawa. Da tarin ƙarfe ke cin yaƙi, da Yunfa ne ya koma gida da ganima.

Wancan zamani ya rufe da ƙarar bindiga. Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta bi baya a watan Maris. A maƙwabciyarmu Haɗejiya, cikin watan Afrilu na 1906, Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya ƙi miƙa wuya, shi da jarumansa suka fuskanci igwa da bindiga mai sarrafa kanta da takobi da mashi, aka kashe shi tare da mutanensa masu yawa. Babu mai hankalin da zai ce ragwanta ce ta kayar da su. Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma tun daga ranar takobi ya bar fagen fama ya koma kayan ado na sarauta. Sai dai ilimin da ke bayansa bai mutu ba. Ya ci gaba da rayuwa a wasanni: dambe, kokawa, sharo, da farautar rani.

A nan ya kamata mu daɗe, domin a wasannin nan ne za a ga ainihin abin da ake koyarwa. Ku lura da tsayuwar ɗan dambe. Hannu ɗaya a miƙe gaba, tafinsa a buɗe, yana tare duka yana auna tazara. Ɗayan kuma, wanda aka ɗaure da tsumma da zare, yana ja baya yana jiran kafa. Masu nazari sun daɗe da lura cewa wannan ita ce tsayuwar mai garkuwa da mashi. Gwanin dambe yakan yi ta zagaye abokin karawarsa bai kai duka ko ɗaya ba, 'yan kallo har su fara gunaguni, alhali shi yana karanta ƙafa da kafaɗa da ido. Sa'annan ga ƙa'ida: turmi uku ake yi, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Kalmar tana da ban tsoro, amma ma'anarta a dandali ita ce a dakata. Wanda ya ƙara wa na ƙasa duka ya zubar da girmansa, kuma alƙalan wasa da 'yan ɓangarensa ma ba za su ƙyale shi ba. Ku dubi sharon Fulani kuma. Saurayi ya tsaya ƙirji a buɗe, sau da yawa da madubi a hannu, tsaransa ya zabga masa tsumagiya har fata ta fashe, shi kuwa ba zai motsa ba, ba zai ɓata fuska ba, ba zai rama ba sai an ba shi nasa lokacin a gaban shaidu. Mutum yana iya ƙin wasan saboda raunin da ake ji, kuma malamai da yawa sun ƙi shi, amma ba zai musa cewa darasin da ke ciki shi ne mallakar zuciya a lokacin da jiki ke zafi ba. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda aka yi gasar farko a Tawa a 1975, kyautar zakaran kokawa ta ƙasa takobi ce. Wanda ya kayar da kowa da hannu wofi shi ake miƙa wa takobi, ya ɗaga ta sama, ya kai gida ya rataye. Da wuya a sami hoton da ya fi wannan bayyana matsayin da makami ya dace da shi a wurinmu yanzu.

Ba mu kaɗai muka bi wannan hanya ba. A 1876 gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi in ban da soja da 'yan sanda da wasu ma'aikata, sai makarantun takobi suka rayu da takobin gora da kayan kariya waɗanda dama da su ake koyo. Daga nan wasan kendo ya bunƙasa. A 1882 wani malami mai suna Jigoro Kano (sunan ne kawai ya zo ɗaya da na birnin Kano) ya kafa judo a Tokyo, ya cire dabarun da ke hallaka mutum daga karawar ɗalibai don su iya gwada ƙarfinsu kullum ba tare da an nakasa kowa ba. A kudancin Masar wasan sanda da ake kira tahtib ya zama na biki da kiɗa, ba a yarda sanda ta sauka a jikin abokin wasa ba, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Ƙasar Filifin ta yi doka a 2009 ta mai da wasan sandarta, arnis, wasan ƙasa da ake koyarwa a makarantu. Duk waɗannan sun ajiye kaifi, sun riƙe horo.

Mu kuwa a wurare da dama mun yi akasin haka, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. A farkon watan Janairu na 2025, bisa bayanin rundunar 'yan sandan Jigawa, an fasa wani shago a Gululu, cikin ƙaramar hukumar Miga. Mutanen gari suka bi sawu har zuwa wata ruga a yankin Jahun, aka tare su da kibiya aka raunata wasu, daga nan aka yi gangami aka fita ramuwar gayya, aka ƙone gidaje. 'Yan sanda sun tabbatar da mutuwar mutum tara. Darasin nan ba kotu ba ne, ba zai raba laifi tsakanin ɓangarorin ba. Abin da ya shafe mu shi ne lissafin: kayan shago a gefe ɗaya, rayuka tara a ɗaya gefen. Wanda ya harba kibiya zai ce gidansa yake karewa, wanda ya ɗauki adda washegari shi ma zai ce garinsa yake karewa, kuma a cikin waɗanda suka mutu da wuya a ce duk suna da hannu a satar. Akwai baka, akwai adda, akwai gora. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce an yi kisa, a dakata. Irin wannan ce ta faru a birnin Kano a hankali cikin shekaru. Masu binciken tarihin daba sun danganta tushenta da ƙungiyoyin farauta da na tauri, waɗanda 'yan siyasa suka riƙa ɗauka haya tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC. Da matasa suka fita daga ƙarƙashin dattawan sana'a suka koma ƙarƙashin mai biya, aka kuma zuba ƙwaya a kai, sai farautar dawa ta koma faɗan unguwa da ƙwacen waya.

Doka ma tana auna hankalin mutum ne a lokacin da abin ya faru, kuma ya wajaba kowane ɗan aji ya san wannan. Sashe na 33 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da gwargwadon ƙarfin da ya zama dole. Dokar Final Kot ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta fayyace haƙƙin kare kai a sassa na 59 zuwa 67, ta kuma gindaya sharuɗɗa masu nauyi: kada ɓarnar da za ka yi ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu wannan haƙƙi idan kana da lokacin neman agajin hukuma. Bin sawun ɓarawo da makami bayan ya tafi, ko komawa washegari da gayya, ya fita daga kare kai gaba ɗaya. Akwai shari'ar wani manomi a Adamawa da wani makiyayi ya kai masa hari da wuƙa a gonarsa a 2015. Ya ƙwace wuƙar ya soke shi ya mutu. Babbar kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2021, Kotun Ƙoli ta tabbatar a watan Maris na 2025, bisa hujjar cewa da ya ƙwace wuƙar yana da damar tserewa. Hukuncin ya jawo muhawara mai zafi, lauyoyi da yawa sun ga an tsananta, aka yi ta kiran a yi masa afuwa. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya, ya ga yadda 'yan sakanni tsakanin ƙwace makami da amfani da shi suke iya raba wanda aka zalunta da wanda za a kira mai kisa. Fiƙihunmu na Malikiyya ma a kan matakai ya gina hukuncin mai kawo hari: a gargaɗe shi in mai fahimta ne kuma da hali, a tunkuɗe shi da abin da ya fi sauƙi, kada a tsallaka zuwa mai tsanani sai an rasa mafita. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya bar Habashawa suna wasa da masu a masallaci, haka kuma ya tabbata cewa ya umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu, ya kuma hana nuna ɗan'uwa da makami. Wasa da koyo an buɗe ƙofarsu, sakaci da tsoratarwa an rufe.

Wani zai ce: wannan duk maganar mai barci a ɗaki mai ƙofar ƙarfe ce. Manomin da ke kwana a fadama yana gadin injin ban ruwansa, ofishin 'yan sanda na da nisa, waya ba ta shiga, ka ce masa ya zauna hannu rabbana? Zai kuma kawo misalin Mubi, wadda Boko Haram suka kama a ƙarshen Oktoba na 2014, aka ƙwato ta a watan Nuwamba da taimakon maharba da 'yan sintiri. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma gaskiya ne hukuma tana gazawa, ba kuma za a ce wa mai gadi ya yar da sandarsa da cocilansa ba. Amma a dubi misalin da kyau. Maharban Adamawa sun fita ne a ƙungiyance, ƙarƙashin shugabanninsu, kafaɗa da kafaɗa da sojoji, kuma babban jarinsu sanin daji ne da sanin juna. A ajiye su kusa da 'yan sa-kai na Zamfara, waɗanda su ma da kare ƙauyuka daga ɓarayin shanu suka fara, amma da ba mai tsawata musu suka riƙa kashe waɗanda suke zargi ba shari'a, har a tsakiyar kasuwa. Ramuwar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka hura wutar da yankin ke ciki, har gwamnatin jihar ta haramta su. Makaman maharban Adamawa da na 'yan sa-kan Zamfara iri ɗaya ne. Saboda haka misalin Mubi hujjarmu yake ƙarfafawa: gadin gari aikin ƙungiya ne mai rajista, mai shugaba, wadda dagaci da hakimi da 'yan sanda suka san da ita, wadda in ta kama mutum hukuma za ta miƙa wa.

Wani kuma zai zo ta ɗaya gefen ya ce, in haka ne a bar koya wa yara sanda da dambe baki ɗaya, tun da ba za su tare harsashi ba, kuma 'yan daba kawai za su ƙara mana. Ba za su tare harsashi ba, haka ne. Wanda aka nuna wa bindiga ko wuƙa aka ce ya kawo waya ko babur, ya bayar, domin ana sake sayen babur. Amma yawancin abin da ke samun mutum a ƙauye bai kai can ba: cacar baki a kan iyakar gona, ture-ture a tasha, mahaukacin kare, ɗan ƙwaya da ya tare hanya. A nan wanda ya sha horo ya fi wanda bai sha ba, saboda ya san tazara, kuma ya saba da tsoro har ba ya ruɗe shi. A 1983 wani jami'in 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, a cikin sakan ɗaya da rabi. Duk wanda ya yi wasan sanda ya san wannan a jikinsa ba tare da agogo ba, shi ya sa yake fara ja da baya tun kafin a matso, ya sa amalanke ko bishiya ko teburin mai shayi tsakaninsa da mai harin, ya duba hanyar fita. Wanda bai taɓa shan duka a dandali ba shi ke zaton faɗa kamar fim ne, shi ne kuma mai saurin zare wuƙa, alhali wuƙar da aka zare cikin ruɗu takan koma hannun abokin faɗa. Mata da tsofaffi ma suna da rabo a wannan ilimi, domin mafi yawansa ba ya buƙatar ƙwanji: lura da wanda ke biye da kai, ƙin bin hanyar fadama ke kaɗai bayan magariba, iya fizge hannu ta wajen babban yatsan wanda ya riƙe, da kururuwa mai kiran sunan mutane, wadda a ƙauye har yau ta fi kowane makami saurin kawo agaji. Batun ƙara 'yan daba kuwa, abin da tarihin Kano ya nuna shi ne daba ta yi ƙarfi ne inda ikon dattawan sana'a ya yi rauni.

Sai maganar tauri, wadda ba za a tsallake ta ba ko da wasu za su ji zafi. Kiɗan tauri da rawarsa ado ne na al'ada, kuma ba wanda ya ce a binne su. Illar tana ga saurayin da ya sha magani ya gaskata cewa ƙarfe ba ya kama shi, domin wannan imani yana rushe darasi na farko da sanda ke koyarwa. Horo yana ce masa ja baya, laya tana ce masa matsa. Ma'aikatan asibiti da ke ɗinke raunukan sara sun san wanda ke da gaskiya a cikin biyun.

Abin da ya rage shi ne aiki, kuma ba mai tsada ba ne. Bayan an gama girbi, dandalin gari yana nan, tsoffin 'yan kokawa da 'yan dambe da maharba suna nan a Miga da ƙauyukanta, wasunsu ma suna zaune a wannan aji. Ana iya shirya wasa da sanda marar nauyi wadda aka naɗe da tsumma, da alƙali, da sanin dagaci, da sharaɗin cewa duk yaron da aka kama da wuƙa a kasuwa ko wurin biki an kore shi daga dandali har sai iyayensa sun zo. In aka haɗa yaran gari da yaran ruga a fili ɗaya, an ribaci abu biyu, domin wanda kuka yi kokawa da shi a rani ba za ka yi saurin ɗana masa kibiya a kaka ba.

Kafin zama na gaba, kowane ɗayanku ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsa wanda ya yi farauta ko dambe ko kokawa ko sharo. Ku tambaye shi abu biyu: shekara nawa ya yi a hannun maigidansa kafin a sake shi, da kuma laifin da in mutum ya yi ake korarsa daga fili. Ku rubuta amsar da hannunku, ko layi biyar ne, ku zo da ita mu karanta tare.